A Fara Yin Silin Kafin a Sa Tayil

Da jaura ta sauko a Katsina, kasuwa uku ce ke buɗewa lokaci guda: ta 'yan gwanjo, ta masu gawayi, da ta masu kemis. Mai gwanjo ya baza rigunan sanyi da safa da barguna a bakin titi, mai gawayi ya rage wa ƙulli auki, mai kemis ya dawo da maganin mura da tari inda hannu zai kai da sauri. Duk shekara haka muke yi, sai ka ce hunturu baƙo ne da ya faɗo ba sallama, alhali kowa ya san watanninsa. Daga Nuwamba iskar arewa maso gabas ke fara kaɗowa daga Sahara da hazonta, Disamba da Janairu ta kai maƙura, sai wajen ƙarshen Fabrairu ta fara sassautawa.

A duk wannan hidima ban taɓa ganin kasuwar kafinta ko ta magini ta motsa saboda sanyi ba. Jiki muke lulluɓewa, ɗakin kuwa mu bar shi tsirara.

Na tashi a Rafindadi, a soron Goggo, yayar mahaifinmu. Ginin tubali ne mai rufin azara, an dambara ƙasa a sama an yi mata yaɓe. Kaurin bangon ya isa yaro ya zauna a bakin ƙofa ya jingina bayansa da gefe ɗaya, ƙafafunsa na taɓa ɗayan, duk a cikin kaurin. Taga ɗaya ce, 'yar ƙarama, can sama kusa da azara. Idan aka yi sallar isha'i a muku-mukun sanyi, muka shigo daga tsakar gida haƙora na kaɗawa, Goggo ta saki asabari ta tura ƙyaure, sai ka ji wani ɗumi ya tarbe ka kamar an jima da kashe wuta a ɗakin. Ba a hura komai ba. Mayafi ɗaya muke ja mu uku, kuma ban tuna daren da sanyi ya tashe ni ba. A bazara kuma ɗakin nan shi ne wurin gudun rana, randar da ke lungunsa ruwanta kamar na rijiya.

Muna yara mun ɗauka albarkar tsohuwa ce. Daga baya na gane aikin bango ne. Ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Ranar hunturu, duk da hazo, tana dukan bango tun hantsi har la'asar. Zafin yana ratsa ƙasar a hankali, sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya kai ciki, ya iso daidai lokacin da waje ya fara hucewa. Da asuba, sa'ad da sanyi ya fi tsanani, bangon bai gama sakin abin da ya tara ba. Yanayinmu kuwa kamar don irin wannan gini aka yi shi, domin a Janairu ma'aunin zafi kan haura kusan digiri 30 da rana, da asuba ya sauka zuwa 12 ko 13, wani daren ma ƙasa da haka. Wanda ya zauna a Ingila zai yi dariya ya ce wannan ai ba sanyi ba ne. Gaskiyarsa, amma shi yana kwana ne a gida mai tagar gilashi biyu, an shimfiɗa abu mai kama da auduga mai kauri a saman silin ɗinsa, da na'urar ɗumama ɗaki. Ɗan Katsina yana karɓar digiri 12 ɗinsa ne a kan siminti, ƙarƙashin kwano, iska na shigowa ta ko'ina.

Bari in fara da laifina kafin in taɓa na wani. Da Allah ya hore mini fili a bayan gari, na yi shekaru ina tara bulo da albashi. Na sayi mai inci shida saboda ya fi mai inci tara sauƙi. Na ɗora kwano. Da kuɗi suka zo ƙarewa, zaɓi biyu ya rage mini: ko silin, ko tayil ɗin falo da fentin gaban gida. Ban yi dogon tunani ba. 'Yan taya murna ƙasa za su kalla, wa zai ɗaga kai? Aka sa tayil, aka yi fenti, muka tare a ƙarshen damina ana ta sa albarka.

Janairun farko ya koya mini hankali. Da dare kwanon yana ƙas-ƙas yana tsukewa. Ka taka tayil da asuba za ka yi alwala, sanyin ya soke ka har ƙwaƙwalwa. Kullum da safe akwai wani layin ƙura ja a kan zanen gado, miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare, daidai ƙarƙashin inda bango ya haɗu da rufi. Wata rana na kwanta rigingine da hantsi, sai na ga haske yana leƙowa ta kowane lanƙwasar kwano, jere reras, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙaramar 'yata ta yi ta tari har wata ya ƙare. Na sayi bargo, na ƙara wani, na sayi maganin tari kwalba uku. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wani dattijo magini da ya yi wa mahaifinmu aiki shekara da shekaru, ya zo yi mini barka da tarewa a makare. Ya shiga ɗakin yara, ya dafa bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama.

"Malam, wa ya gina maka wannan?"

Na ce, "Birkila ne, Baba, ƙwararre ne kuwa."

Ya ce, "Aikinsa ya miƙe, ban kushe ba. Amma ɗana, gwangwani ka gina. A sa shi a rana ya gasa ku, a bar shi a raɓa ya daskarar da ku. Ƙofar ma ka ba ta gabas. Mu ko kafin mu aza tubalin farko sai mun tambayi inda iska ke fitowa."

Na yi dariyar yaƙe. Abin da ya faɗa da kalmomin magina shi ne abin da malaman kimiyya ke faɗa da nasu. Kwanon da talaka ke saye kaurinsa bai kai rabin milimita ba, kuma ƙarfe ne, zafi na ratsa shi nan take. Iska mai ɗumi sama take tashi. Duk ɗumin da jikin mutane da girkin yamma suka tara a ɗaki, sai ya hau ya taɓa kwano, kwanon ya miƙa shi ga sararin sama. Wanda bai bi ta kwano ba ya bi ta ramukan da ke tsakanin bango da rufi, iskar waje mai sanyi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta maye gurbinsa. Ɗaki ya zama kamar tulu mai huda sama da ƙasa. A Ingila sun ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗumin gidan da ba a yi wa kariya ba ta rufi yake fita, kuma su rufinsu ya fi namu kauri nesa ba kusa ba. Bulo mai rami na inci shida kuwa ba shi da jikin da zai tara zafin rana ya ajiye wa dare.

Da a mura da kaushi abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne abin da mutane ke yi idan ɗaki ya ƙi ɗumi: kasko.

Shekarun baya wani maƙwabcinmu ya fito sallar asuba, ya ƙwanƙwasa ɗakin iyalinsa kamar yadda ya saba, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Da aka ɓalle ƙofar, matarsa na zaune a ƙasa ta jingina da gado, idonta a buɗe amma ta kasa miƙewa, yara biyu sun yi amai a kan katifa, jaririn ya yi laƙwas. A tsakiyar ɗakin ga kasko, garwashin ya zama toka, da sauran ja kaɗan a ƙasa. Ta toshe taga da tsumma, ta cusa tsohon zani a ƙarƙashin ƙofa, duk don kada jariri ya sha sanyi. Aka fito da su tsakar gida, aka wuce asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Kafin azahar labari ya zaga unguwa iri uku: wasu sun ce gamo ne, wasu sun ce sammu, wasu sun ce tuwon dare ne aka zuba wa wani abu. Kaskon da kowa ya tsallake ya shiga ɗakin, ba wanda ya tuhume shi.

Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye kamar hayaƙin ɗanyen ice. Shi ya sa mata ke cewa "ai ya ruru, hayaƙin ya ƙare, a shigar da shi." Hayaƙin da ido ke gani ne ya ƙare. Gubar tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa ya ji su. Ita ce dai gubar da ke cikin hayaƙin janareta. Ga kuma gobara: gidan sauro, katifar soso, bakin zani, da iskar hunturu da ta busar da komai ƙayau. Ma'aikatan kashe gobara sun san watannin da ba su samun barci.

Duk shekara ana shela a rediyo da masallatai cewa a daina kwana da wuta a ɗaki. Shela ce mai kyau, amma rabin magana ce. Uwar da jaririnta ke rawar ɗari ƙarfe uku na dare, ka ce mata ta fitar da kasko, me ka ba ta a madadinsa? Wutar lantarki ba ta da tabbas, na'urar ɗumama ɗaki kuwa ko akwai wutar ba kowa ke iya ciyar da ita ba. Muddin ɗakin yana zubar da ɗumi kamar rariya, kasko zai koma ciki ko an yi shela sau dubu. Kuma dole a faɗi ɗaya gefen da babbar murya, domin rabin ilimi a nan kisa yake: wanda ya toshe ɗakinsa ruf sannan ya shigar da garwashi, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Gyaran ɗaki da fitar da wuta tare suke tafiya. Ko ba wuta ma, ɗakin da mutum shida ke kwana yana buƙatar 'yar kafar shan iska a sama, musamman da yake rani lokacin sanƙarau ne, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma abokinsa ne.

Ni dai shekara ta biyu na kira kafinta. Aka buga silin a ɗakunan kwana, aka bar tazara tsakaninsa da kwano. Birkila ya bi ramukan saman bango ya cike, aka bar kafa biyu da raga don sararin rufin ya riƙa numfashi. Na sa aka buga wa ƙasan ƙofa yankin tsohuwar roba, uwargida ta ɗinka labule mai ninki biyu, aka shimfiɗa tabarma da darduma a kan tayil ɗin da na yi ta alfahari da shi. Da rana a buɗe taga ta ɓangaren da rana ke shigowa, kafin magariba a rufe. Sirrin duk ɗaya ne, kuma shi ne sirrin bargo: iskar da aka tsare wuri ɗaya ba ta motsi ita ce ke hana ɗumi gudu. Bargo ba ya ƙirƙirar zafi, naka yake riƙe maka. Silin bargon ɗaki ne. Abin da na kashe gaba ɗaya bai kai kuɗin tayil ɗin falo ba, kuma da Afrilu ya zo da zafinsa mai kai wa digiri 40, na gane na jefi tsuntsu biyu, don silin ɗin da ya hana ɗumi fita shi ya hana kwano gasa mu.

Masu hali suna shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli ko soso na musamman a ƙarƙashin kwano, kuma yana aiki. Na ji masu ba da shawarar zuba buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa a saman silin. Zai riƙe ɗumi, amma ni ba zan kwantar da 'ya'yana ƙarƙashin busasshen abu da wayar lantarki ta ratsa ba, balle irin haɗin wayar da ake yi mana, ga ɓera. Wanda kuma ya gaji tsohon silin na asbestos, kada ya sa yara fasa shi ko kankare shi, ƙurarsa na lahanta huhu.

Na san abin da za a ce: to Malam, mu koma gidan ƙasa kenan? Masu wannan tambaya suna da hujja, kuma na san hujjar da idona, don na sha ɗaukar kwandon ƙasa ana yaɓe kafin damina. Ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara. Indararo ɗaya ya toshe, rufi ya jiƙe, azara ta karye a kan mutane. Gara na ci. Giginyar da ake tsaga azara da ita ta yi ƙaranci, makuba da laso sun zama sai an tona kafin a samu mai iya haɗa su. Wanda ya ga abin da ambaliya ta yi a Jibiya a Yulin 2018 ba zai raina siminti ba. Duk na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce zaɓi biyu kaɗai ke akwai, ko soron da ke rushewa ko gwangwani. Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka yi ta, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, ɗaruruwan damina sun wuce ta kanta tana tsaye saboda ana kula da ita. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta, ginin ƙasa ce, yanzu gidan tarihi ce, kowa na iya shiga da tsakar rana ya ji yadda jikinsa zai gaya masa. A ƙetaren iyaka, a Nijar, masallacin Yaama a yankin Tawa, wanda maginin gargajiya Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama ya raba shi da silin na ƙasa don iska ta ratsa tsakani, kuma a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini. Bai ƙi kwano ba, wurinsa ya ajiye shi. Harsashi na dutse da siminti, bango na jar ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa mata siminti, rufi mai baki da ya fito ya kare bango daga ruwa, silin a ƙarƙashi. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin maginan Katsina da Daura?

Abin da ya fi ƙarfinmu kunya ce. "Gidan ƙasa" ya zama zagi. Dangin amarya za su zo ganin ɗaki, su ƙwanƙwasa bango su ji ko bulo ne. Mutum ya gwammace ya ci bashi ya sayi siminti, ko a farkon 2024 da buhu ya haura N10,000, da a ce ya gina da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. 'Ya'yan magina sun ga inda kasuwa ta dosa, sun ajiye sana'ar uba sun kama tuƙin babur mai ƙafa uku. Idan dattijon da ya dafa bangona ya rasu, ban san wanda zai gaji abin da ke kansa ba, kuma ina ganin aikin kwalejojin fasaha ne, irin su Hassan Usman da ta tarayya da ke Daura, su zaunar da irinsa gaban ɗalibai tun yana iya magana.

Hukuma ma tana da nata kason. Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, kuma a cikinta akwai batun sa wa rufi abin da zai hana zafi ratsawa. Takarda ce mai kyau, amma sai jiha ta ɗauke ta ta sa a sharuɗɗan amincewa da zanen gini kafin ta taɓa rayuwar kowa. Ba ina nufin a bi talaka mai ɗaki ɗaya da tara ba, wannan zai zama wata ƙofar karɓar na goro kawai. A fara da inda kuɗin jama'a ke shiga: rukunin gidajen gwamnati, azuzuwan firamare da yara ke shiga ƙarfe takwas na safe su zauna a kan siminti ƙarƙashin silin da ya ɓurme, ɗakunan haihuwa na asibitocin karkara. Sai masu gina gidajen haya, waɗanda ke jera ɗaki goma ba silin su karɓi kuɗin shekara cif. Ɗan haya ba zai kashe kuɗinsa a rufin wani ba, mai gida kuma ba shi ke kwana ciki ba, sai a bar yaran ɗan haya da tari.

Sannan almajirai. Duk hunturu masu hannu da shuni na raba barguna a tsangayu, a ɗauki hoto a sa a Facebook, Allah ya ba da lada. Amma a je a duba inda yaran ke kwana: zaure ba ƙyaure, ko rumfar kwano da iska ke shiga ta gabas ta fita ta yamma, ƙasa ba ko tabarma. Bargon kafin shekara ta zagayo ya yage ko ya ɓace. Da za a ɗauki rabin kuɗin a sa ƙofa, a ja zana ko bango ta ɓangaren iska, a buga silin, a ɗaga makwanci daga ƙasa, da rukuni goma na ɗaliban da za su zo bayan waɗannan ma sun amfana. Sai dai silin ba ya yin kyau a hoto.

Yanzu haka ƙanena yana gini a hanyar Daura, ya kai linta. Ran Juma'a na je na same shi yana lissafi da mai tayil. Na ja shi gefe na ba shi labarin layin ƙura da kwalaben maganin tari, har na nuna masa inda iska za ta riƙa bugun ɗakin yara. Ya saurara tsaf, ya ce, "Yaya, gaskiya ne, amma ka san mutane. Ranar tarewa wa zai kalli sama?" Muka yi ta ja har aka kira la'asar. A ƙarshe ya yarda zai yi silin a ɗakin yara da na matarsa, ya mayar da tagar gabas ƙarama. Tayil ɗin falo kuwa ya riga ya biya rabin kuɗin.